Kafin A Sayo Abin Wasan Kwamfuta, A Duba Tsakar Gida

Yau ina so mu yi magana a kan wasan yara, amma wasan da ya shafi makomar 'ya'yanmu mata.

Kwanan baya na je suna a Talata Mafara. Bayan an ci an sha, sai uwargidan ta shiga ɗaki ta fito da wani abin wasa da maigidanta ya sayo wa yara daga birni. Bai wuce girman ƙoƙon shan fura ba, yana da tayoyi a ƙarƙashi da maɓallai a gadon bayansa. Ɗanta ya daddanna maɓallan ya ajiye shi a kan siminti, sai ga abu yana tafiya shi kaɗai. Ya yi gaba, ya juya, ya sake yin gaba, ya tsaya daidai bakin ƙofa. Mata suka ɗauki salati. Ta ce mana wai yana koya wa yaro aikin kwamfuta tun kafin ya iya karatu. Da aka tambaye ta kuɗinsa ta faɗa, sai wuri ya yi tsit, domin kuɗin sun isa a sayi buhun gero.

Abu biyu na gani a wurin nan da suka tsaya mini a rai. Na farko, matar da ke zaune kusa da ni ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, Malama, mu namu 'ya'yan sai dai kallo ke nan." Na biyu, yara maza ne suka kewaye abin nan suna rububinsa. 'Yan matan da suka matso kuwa, aka ce wannan ta je ta wanke kwanoni, waccan ta ɗebo ruwa. Akwai wata 'yar shekara takwas tana goye da ƙanenta, tana leƙe daga bayan zana, har aka mayar da abin ɗaki ba ta taɓa shi ba.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, abin wasan nan yana da kyau, amma ba shi ne ilmin ba. Ilmin da ke cikinsa muna da tushensa a tsakar gidajenmu, kuma kowace uwa tana iya fara koyar da shi yau ba tare da ta kashe ko kwabo ba. Abin da zai bar 'ya'yanmu a baya ba rashin kuɗin sayen na'ura ba ne kaɗai. Rashin sani ne, wanda ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Bari mu fara da sanin me abin yake koyarwa. Mutane da yawa suna tsammani kwamfuta tana da wayo. Gaskiyar magana 'yar aike ce mai saurin tsiya, amma abin da aka tsara mata shi take bi. In an ba ta umarni daidai ta yi daidai, in an ba ta a karkace ta yi a karkace, ba ta tsayawa ta ce, "Anya haka kike nufi?" Aikin tsara mata umarni ɗaya bayan ɗaya shi ake kira kodin, kuma da shi aka gina duk manhajojin da ke cikin wayoyinmu da na'urar cirar kuɗi ta banki.

Ɗaya daga cikin kayan wasan da suka fi shahara a makarantun ƙananan yara na ƙasashen waje shi ne Bee-Bot, wanda wani kamfani na Ingila yake yi da siffar ƙudan zuma. Yana da maɓallin gaba da na baya, da na juyawa dama da na hagu, da na tafiya da na sharewa. Kowane taku nasa santimita 15 ne, kuma ƙirar farko tana riƙe umarni har 40 a lokaci guda. Yaro zai shirya masa hanya tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya danna maɓallin tafiya ya zuba ido ya ga ko lissafinsa ya yi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1967 wasu masana uku a Amurka, Seymour Papert da Wally Feurzeig da wata mace mai suna Cynthia Solomon, suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta domin yara, ana ce da shi Logo. Daga baya aka haɗa masa wata 'yar na'ura mai tafiya a ƙasa da alƙalami a cikinta, aka sa mata suna kunkuru, yara suna ba ta umarni tana zana musu siffofi a kan takarda. Papert, wanda haifaffen Afirka ta Kudu ne, yakan shawarci yaron da ya rikice da ya tashi tsaye ya zama shi ne kunkurun, ya taka hanyar da ƙafarsa, sa'an nan ya koma ya rubuta abin da ya yi. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Tun wajen mutumin da ya fara abin, ƙafar yaro da tunaninsa su ne a gaba, na'ura tana biye.

In an tattara, abubuwa huɗu ne waɗannan kayan wasa suke koyarwa, kuma babu ɗaya daga ciki da yake baƙo a wurin mace Bahaushiya.

Na ɗaya shi ne jeri, watau sanin abin da ke zuwa kafin wani. Wace ce a cikinmu za ta tankaɗe kafin ta daka? Mai yin fura ta san sai ta surfa gero, ta bakace, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe, ta cura, ta dafa, sa'an nan ta kirɓa. In ta sauya wurin mataki ɗaya, ranar babu fura.

Na biyu shi ne maimaici. Mai kitso ba ta koyon sabon abu a kowane layi. Hannu ɗaya ne take maimaitawa daga goshi zuwa ƙeya, in ta gama layi ta tsaga wani ta sake, har kai ya cika. Haka mai saƙar faifai da mai ɗinkin hula. Masu kodin ma ba sa rubuta umarni sau ɗari, sai su rubuta sau ɗaya su ce a maimaita sau ɗari.

Na uku shi ne sharaɗi. Kullum muna yinsa in za mu aiki yaro kasuwa: "In ka tarar da alayyafo ka sayo, in babu ka sayo kuka." Wannan "in kaza, to kaza" shi ne yadda kwamfuta take yanke shawara.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne neman kuskure. Mai saƙa in ta ga zane ya karkace ba ta jefar da aikin, ba ta kuma zama tana kuka. Warwarewa take yi a hankali har ta kai inda ta yi tsallake, ta gyara, ta ci gaba.

Kada ku ɗauka ina kwatanta saƙa da kwamfuta ne don in faranta muku rai. Tarihi ne ya haɗa su. A shekarar 1804 wani Bafaranshe mai suna Jacquard ya fito da masaƙa wadda take bin umarnin da aka huda a jikin katuna, kowane kati yana gaya mata zaren da za ta ɗaga. Daga wannan masaƙa Charles Babbage na Ingila ya ɗauko dabarar katunan don injin lissafin da ya tsara. A shekarar 1843 kuma wata mace, Ada Lovelace, ta wallafa jerin matakan da injin nan zai bi ya yi wani lissafi, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarta a matsayin wadda ta fara rubuta kodin. Ita kanta kalmar da Turawa suke kiran jerin matakai da ita, algoridim, daga sunan Alkhawarizmi aka samo ta, malamin lissafin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Saboda haka duk wanda ya ce muku wannan ilmi na maza ne, ko na Turawa ne su kaɗai, bai san asalinsa ba.

To, yaya za a yi a gida? Ga yadda nake yi da ɗalibaina a nan Maradun, kuma babu abin da nake amfani da shi wanda ba ya cikin gidan kowa.

Ki sami tsinke ko gawayi ki zana gidaje a ƙasa kamar na 'yar galagala, amma layi biyar tsaye biyar kwance, kowane gida ya isa yaro ya tsaya a ciki. Ki ajiye wani abu a gida ɗaya, ko ludayi ko ƙwallon goruba, ki ce nan ne kasuwar Talata Mafara ko madatsar ruwan Bakolori. Yaro ɗaya zai zama na'ura, ɗaya kuma mai ba da umarni. Umarnin uku ne kawai da farko. Tsakuwa tana nufin taku ɗaya gaba. Ƙwallon dabino yana nufin a juya dama. Marfin kwalba yana nufin a juya hagu. Wanda ya juya ba ya barin gidansa, fuskarsa kawai yake sauyawa, kuma a nan ne yara suka fi faɗuwa.

Mai ba da umarni za ta jera duwatsunta a layi tun daga farko har ƙarshe kafin na'ura ta motsa. In ta ce "tafi", bakinta ya rufu, babu nuni da hannu, babu ƙifta ido. Ita kuma na'ura dole ta bi abin da aka jera ko da ta ga kuskure ne, ko da zai kai ta jikin bango. In ba a isa kasuwa ba, kada a share layin duka. A koma farko a bi dutse ɗaya bayan ɗaya har a gano wanda ya ɓata tafiyar, a cire shi ko a ƙara wanda aka manta.

In sun saba, sai ki sa turmi ko tukunya a kan hanya a matsayin gulbi wanda dole a kewaye shi. In sun ƙara sabawa, ki shigo da sharaɗi: in akwai tukunya a gabanki ki juya dama, in babu ki yi gaba. Daga nan ki riƙa matsar da tukunyar ki ga ko umarninsu zai yi aiki duk inda aka sa ta.

Ranar da na fara wannan wasa a aji, ni na zama na'urar. Wani yaro ya ce, "Malama, ki je ki ɗauko alli." Na tsaya ƙiƙam ban motsa ba, na ce wannan ba ya cikin maganar da nake ji. Aji ya fashe da dariya, amma daga nan suka gane dole a farfasa babban aiki zuwa ƙanana. Bayan 'yan makonni na ce su sa na'ura ta kewaya ta dawo inda ta tashi. Duk suka jera abubuwa goma sha biyu: tsakuwa biyu da ƙwallon dabino, sau huɗu a jere. Sai wata yarinya mai yawan shiru, wadda Turanci yake ba ta wahala ƙwarai, ta ajiye tsakuwa biyu da ƙwallon dabino ɗaya kawai, ta zagaye su da layi, ta rubuta 4 a gefe. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Malama, ai abu ɗaya ne ake ta sakewa, kamar kitso." Yarinyar nan ta gano maimaici da kanta, kuma ba ta taɓa zama a gaban kwamfuta ba.

Wata za ta ce ai wannan dabarar talaka ce, wadda aka yi don rarrashin wanda ba shi da hali. Ba haka ba ne. Tun cikin shekarun 1990 wani malami mai suna Tim Bell na Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan, shi da abokan aikinsa, suka tsara darussan koyar da ilmin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, da katuna da igiya da zane a ƙasa, suka sa wa shirin suna CS Unplugged. Ana amfani da shi a ƙasashe da dama inda wutar lantarki ba ta yankewa. A Ingila, inda aka shigar da wannan ilmi cikin manhajar firamare a shekarar 2014 tun daga yara 'yan shekara biyar, malamai da yawa da irin wannan wasa suke farawa.

Mu a yankin nan muna da wani dalili na musamman da ya sa bai kamata mu rataya karatun 'ya'yanmu duka a wuyan na'ura ba. Ba mu manta da shekarar 2021 ba. A ranar 26 ga Fabrairu aka sace 'yan matan sakandaren Jangebe, a ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai a makarantar Kaya ta nan Ƙaramar Hukumar Maradun. Aka rufe makarantu, aka yanke layukan waya a jihar, yara suka yi watanni a gida. A wannan lokaci makarantar da ta rage a buɗe ita ce tsakar gida, malamar da ta rage a bakin aiki kuwa ita ce uwa. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan, amma ilmin da ke hannun uwa babu mai iya rufe shi.

Sai dai ba zan ruɗe ku ba. Wasan tsakuwa yana gyara tunani, amma ba ya koya wa yatsa danna haruffa. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kan kwamfuta gaba ɗaya. Yarinyar da take burin shiga kwalejin horon malamai mata ta tarayya da ke Gusau, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko jami'a, sai ta zauna a gaban na'ura an sa mata lokaci. In ranar ce ta fara riƙe linzamin kwamfuta, hannunta zai yi ta rawa, lokaci ya ƙare, ba don ba ta san amsa ba. Saboda haka tsakar gida mafari ce, dole a ɗora.

A nan nake kira ga iyayenmu maza da ƙungiyoyin iyaye da malamai da hukumomin ilmi. Ba sai an sayo wa kowane yaro abin wasa ba. A shekarar 2007 an gwada raba wa yara ƙananan kwamfutoci a wata firamare da ke Galadima a Abuja, ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, amma shirin bai yaɗu a ƙasar nan kamar yadda aka yi fata ba. Darasin da ni na ɗauka shi ne na'ura ba ta aiki sai da malamin da aka horar, da wutar da za a yi caji, da wanda zai gyara in ta lalace. Kwamfuta biyu ko uku masu aiki da farantin hasken rana, da malama ɗaya da ta san abin da take yi, sun fi ɗaki cike da na'urorin da aka kulle suna shan ƙura. Akwai manhajar Scratch da aka fitar a jami'ar MIT ta Amurka a 2007, da ƙanwarta ScratchJr ta 2014 don yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai. Kyauta ne, kuma in an sauke su sau ɗaya suna aiki ba tare da intanet ba. Yaro yana jera umarni ne kamar yadda ya saba jera tsakuwa. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta jerin sunaye na masu zama a gaban na'ura, mace da namiji kowa da lokacinsa. In aka bar shi ga mai ƙarfin ture, mun san waɗanda za su tsaya a baya.

Ke kuma uwargida da Allah ya hore miki, ban ce kada ki saya ba. Ki saya, amma ki zauna tare da yaran. Kafin a danna maɓallin tafiya ki tambaye su, "A ina kuke jin zai tsaya?" In ba a yi wannan tambaya ba, abin ya zama motar wasa kawai. Ki kula da ƙananan batura masu kama da anini, kada mai rarrafe ya haɗiye, domin suna da haɗari ƙwarai. Ki bar 'ya'yan maƙwabta su taɓa. Sama da kome, in lokacin wasan ya yi, ki karɓi goyon daga bayan ɗiyarki ko da na rabin awa ne. Kwanoni ba za su gudu ba.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce wannan wasan ƙananan yara ne. Ku ne za ku koya wa ƙannenku, kuma mai koyarwa ya fi kowa ƙaruwa. Ku sami littafi ku riƙa rubuta matakan duk aikin da kuka iya, ko dafa shinkafa, ko warware lissafin rabawa, sa'an nan ku ba wata ta bi abin da kuka rubuta ba tare da kun yi mata bayani ba. Inda ta tsaya, nan ne rubutunku yake da giɓi. A shekarar 2018 wasu 'yan mata biyar na sakandaren Regina Pacis da ke Anaca suka ci lambar zinariya ta rukunin ƙanana a gasar Technovation a Amurka, da wata manhaja da suka haɗa ta gano jabun magunguna. 'Yan Nijeriya ne kamar ku, kuma kowace a cikinsu akwai ranar da ba ta san kome ba a kan kwamfuta.

A ƙasar nan tamu ba yau mata suka fara ɗaukar ilmi suna kai shi gida gida ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu, ba su jira an gina musu aji ba. Abin da nake nema a wurinku bai kai wannan wahala ba. Yau da la'asar in rana ta yi sanyi, ki share tsakar gida, ki zana gidaje ashirin da biyar, ki kira yara, ki fara da 'yar macen. In kin gwada, ki rubuto wa wannan fili ki gaya mana yadda kuka ƙare, don sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.